Gasar ƙwallon kwando ta matan jami'o'in Amurka: wa ke zaɓen ƙungiyoyi 68, kuma me ya sa manya ba sa faɗuwa da wuri?

Ummu_Hanan

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata a kan gasar ƙwallon kwando ta matan jami'o'in Amurka ce, wadda hukumar NCAA ke shiryawa daga tsakiyar Maris zuwa farkon Afrilu, ake mata laƙabi da March Madness. Jami'o'in da ke babban rukuni sun haura 350, amma 68 kacal ke shiga. Wa ke zaɓen su, kuma da wane ma'auni? Sai ka ga ƙungiyar da ta ci wasa 25 an bar ta a gida, wadda ta ci 19 kuma tana ciki. Sannan lambobin nan na 1 zuwa 16 da ake maƙala wa kowace ƙungiya, me suke nufi a aikace?

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne, gasa ce ta ƙasa baki ɗaya, amma wasu a filinsu suke buga wasannin farko, a gaban 'yan kallonsu. Ina adalci a nan? Kuma ana cewa a gasar maza ƙanana na yawan kayar da manya, a ta mata kuwa da ƙyar hakan ke faruwa. Ko wannan bugawa a gida ce ke jawo haka? Don Allah wanda ya sani ya warware min dalla-dalla.

Malam_Kwando

Wa alaikumus salam, Ummu Hanan. Bari in ɗauki zaɓe da lambobi, sauran akwai waɗanda za su ƙara.

Ƙofa biyu ake bi a shiga. Ta farko ta kai tsaye ce. Jami'o'in sun kasu lig-lig, kamar SEC, Big Ten, ACC, Big 12, Big East, Ivy da sauransu. Ana fara kaka a Nuwamba, kowace ƙungiya ta buga wasa wajen 30, a farkon Maris kuma kowane lig ya shirya tasa ƙaramar gasar ta sili ɗaya ƙwale. Wadda ta ɗauki kofin lig ɗinta ta samu gurbi ke nan, ko da kakar banza ta yi. A 2025 irin waɗannan gurabe 31 ne. Ragowar 37 kuwa kwamiti mai mutum 12 ne ke cike su, mutanen da ake ɗebowa daga shugabannin wasanni na jami'o'i da na lig-lig. Duk wanda aka zo tattauna jami'ar da yake wa aiki, fita yake yi daga ɗakin.

Kwamitin ba yawan nasara yake ƙirgawa ba, wa kika doke kuma a ina, shi yake dubawa. Babban ma'auninsu sunansa NET, an fara aiki da shi a gasar mata a kakar 2020 zuwa 2021. Yana haɗa abu biyu. Ɗaya, sakamakon wasanni, inda doke ƙungiya mai ƙarfi a gidanta ya fi komai daraja. Biyu, bambancin makin da ƙungiya ke zurawa da wanda ake zura mata a duk riƙon ƙwallo 100, bayan an yi la'akari da ƙarfin abokan karawa da inda aka buga. Daga nan sai a kasa wasannin kowa aji huɗu. Nasarar ajin farko ita ce doke ƙungiyar da ke tsakanin ta 1 da ta 25 a NET a gidanki, ko ta 1 zuwa ta 35 a filin ba-ruwanmu, ko ta 1 zuwa ta 45 a gidanta. Ƙungiyar SEC da ta ci 19 ta sha kashi 12 tana iya nuna nasarar ajin farko huɗu ko biyar. Mai nasara 25 daga ƙaramin lig wataƙila sau biyu kacal ta taɓa samun damar buga irin wannan wasan a duk kakar, kuma duka a waje, duka aka doke ta. In ta yi tuntuɓe a gasar lig ɗinta, shi ke nan, sai dai ta tafi ƙaramar gasa irin WBIT.

Dubi yadda aka raba a 2025: Big Ten ta kai ƙungiya 12, SEC 10, ACC 8, Big 12 kuma 7. Cire zakarunsu huɗu, lig huɗun nan sun kwashe gurbi 33 cikin 37 na kwamiti. Huɗu kacal suka rage wa duk sauran ƙasar: biyu Ivy, ɗaya Big East, ɗaya Atlantic 10. Na Atlantic 10 ɗin ma da darasi a ciki. Richmond ce ta fi kowa a kakar lig ɗin, amma George Mason ta ɗauki kofin gasarsu. Sai George Mason ta shiga kai tsaye, Richmond ta ci gurbin kwamiti, wato lig ɗin da ake wa lissafin gurbi ɗaya ya ci biyu, wata ƙungiyar da ke bakin ƙofa a wani wuri ta rasa nata. Shi ya sa a makon gasannin lig za ki ga magoya bayan wata jami'a suna addu'ar kada a doke wata da ba su haɗa komai da ita ba.

Bayan an gama zaɓe sai kwamiti ya jera duka 68 daga ta 1 zuwa ta 68. Huɗun farko su ne masu lamba 1, huɗu na biye masu lamba 2, haka har 16, a rarraba su shiyya huɗu. Ana ƙoƙarin a haɗa mafi ƙarfin masu lamba 1 da mafi raunin masu lamba 2 a shiyya ɗaya, don shiyyoyin su yi daidai. Amma akwai dokokin da ke karya wannan: ba a son 'yan lig ɗaya su haɗu da wuri, kuma ana duba nisan tafiya. Don haka akan ɗaga ƙungiya ko a sauke ta da lamba ɗaya saboda jadawali kawai. Raunin fitacciyar 'yar wasa ma yana shiga lissafi, domin ƙungiyar da za ta fito fili a Maris ake aunawa.

Ana sanar da jadawali ranar Lahadi. Laraba da Alhamis ƙungiyoyi takwas ke buga wasan share fage, wato huɗun ƙarshe cikin zaɓin kwamiti da huɗu mafi rauni cikin zakarun lig, a rage 68 zuwa 64. Zagayen farko Juma'a da Asabar: 1 da 16, 2 da 15, 3 da 14, har 8 da 9. Zagaye na biyu Lahadi da Litinin. Mako na biyu 'yan 16 da kwata fainal. Mako na uku wasannin kusa da na ƙarshe ranar Juma'a, na ƙarshe ranar Lahadi. Jimilla wasa 67, kuma zakara sai ta ci shida a jere.

Anti_Larai

Malam ya yi bayani, Allah ya ƙara basira. Ni zan tsaya a kan bugawa a gida, don a ganina nan ne zuciyar tambayarki.

Tun 2015 dokar ita ce duk masu lamba 1 zuwa 4 a kowace shiyya, ƙungiyoyi 16 ke nan, su ke karɓar baƙuncin zagayen farko da na biyu. Kowane fili ƙungiya huɗu ke haɗuwa: 1, 16, 8, 9 wuri ɗaya, 2, 15, 7, 10 wuri ɗaya, 3, 14, 6, 11 wuri ɗaya, 4, 13, 5, 12 wuri ɗaya. Wasan share fagen ma a waɗannan filayen ake yin sa.

Dalilin farko kujeru ne. A shekarun da ake zaɓen filaye tun kafin kaka ta fara, an sha buga wasa a ɗaki rabinsa wayam, domin babu ƙungiyar garin a ciki. In kuma ƙungiyar garin ta samu shiga tana ƙasa a jerin kwamiti, sai a wayi gari babba ce ke baƙunci a gidan ƙarama. A 2009 Duke tana lamba 1 ta je filin Michigan State mai lamba 9, aka fitar da ita a zagaye na biyu. To tunda dole wani ya samu gida, gara wanda ya yi wata huɗu yana gumi a kansa ya samu. Ni dai wannan ya fi min kama da adalci a kan tsohon tsarin.

Amma ki lura da inda wuƙar ta faɗa: tsakanin lamba 4 da lamba 5. A jerin kwamiti ta 16 da ta 17 ne, sau da yawa wasa ɗaya ya raba su. Ta 16 tana gida, kwandon da ta saba jifa a ciki kullum, ɗakin da ta saba, dubban mutanenta a bayanta. Ta 17 ta hau jirgi, ta fara karawa da mai lamba 12, wadda galibi zakarar ƙaramin lig ce da ta saba cin wasa, in ta tsallake kuma ta fuskanci mai gida bayan hutun yini ɗaya. Shi ya sa kwamiti ke fitar da jerin 16 na wucin gadi tun kafin kaka ta ƙare, kowa ya san inda ya tsaya. Haka kuma lamba 8 da 9 ba abin murna ba ne, tukuicin wadda ta ci shi ne mai lamba 1 a gidanta. Mai lamba 6, ko ma 11, hanyarta ta fi sauƙi, don mai lamba 3 za ta tarar.

Karɓar baƙunci ba ya zuwa haka kawai. Sai jami'a ta nuna filinta ba shi da wani aiki a ranakun, kuma garin yana da otal da zai ɗauki ƙungiyoyi uku da ma'aikatansu da alƙalan wasa. Nan ake samun cikas. A 2017 Stanford tana lamba 2 amma an riga an ba da filinta ga gasar wasan motsa jiki, sai ta tafi gidan Kansas State. A 2019 South Carolina ta ƙaura zuwa Charlotte saboda gasar maza na amfani da filinta. A 2024 Gonzaga ta karɓi baƙunci a Spokane a daidai lokacin da garin ya cika da baƙin wasu wasannin, aka kai ƙungiyar Utah masauki a Coeur d'Alene ta jihar Idaho, tafiyar mil 30 da wani abu, inda 'yan wasan suka fuskanci zagin wariyar launin fata a titi har aka sauya musu wuri. Wannan abin takaici ne matuƙa, kuma ƙarancin masauki ne asalinsa.

Daga zagayen 'yan 16 babu mai gida. Tun 2023 gari biyu kacal ake amfani da su, kowanne ƙungiya takwas: Greenville da Seattle a 2023, Albany da Portland a 2024, Birmingham da Spokane a 2025. Ya tara 'yan kallo, amma ƙungiya takwas a fili ɗaya na nufin wasu su yi atisaye da sassafe na ɗan taƙaitaccen lokaci, abin da kocin UConn Geno Auriemma ya fito fili ya yi ƙorafi a kai. A Portland ma a 2024 sai da aka buga wasanni kafin a gano layin maki uku na gefe ɗaya ya gaza da kusan inci 9 a tsakiyarsa. Texas da NC State aka gaya wa dab da wasansu na kwata fainal, suka amince a buga a haka.

Koci_Bala

Anti Larai, ban ƙi taki ba, amma a yi hattara kada a ɗora wa gida nauyin da ba nasa ba. Ki duba 2025, a daidai wurin da kika ce wuƙar ta faɗa. Masu lamba 5 uku suka je gidan masu lamba 4 suka fitar da su: Tennessee ta doke Ohio State 82 da 67, Ole Miss ta doke Baylor 69 da 63, Kansas State ta doke Kentucky 80 da 79 bayan ƙarin lokaci. Maryland kaɗai ta tsira, ita ma sai da aka yi ƙarin lokaci sau biyu ta ci Alabama 111 da 108. Ma'ana, inda ƙarfi ya zo ɗaya, gida ba ya ceton kowa. Abin da ke hana ƙanana tasiri shi ne ratar da ke tsakanin 'yan wasa, kuma ratar tana da dalilai da za a iya nunawa.

Na farko, fitattun mata ba sa barin jami'a da wuri. Namiji yana iya shiga NBA yana shekara 19, ya yi kaka ɗaya a jami'a ya tafi, sai babbar ƙungiya ta riƙa sabon gini kowace shekara da yara, ƙaramar ƙungiya mai tsofaffin hannu ta zo ta ba ta mamaki. 'Yar Amurka kuwa ba ta shiga WNBA, gasar ƙwararru ta mata, sai a shekarar da za ta cika 22 ko ta kammala digiri. Don haka Breanna Stewart ta yi shekara huɗu a UConn ta ɗauki kofi huɗu a jere, 2013 zuwa 2016. Caitlin Clark ta yi huɗu a Iowa. Babbar ƙungiya a gasar mata tana da baiwa kuma tana da gogewa, ƙarama ba ta da abin da za ta fi ta da shi.

Na biyu, shekaru da yawa doka ta ba ƙungiyar mata tallafin karatu 15, ta maza 13. Biyun nan da suka ƙaru, a jami'o'i goma ko ashirin na sama, 'yan wasa ne da za su zama taurari a matsakaiciyar ƙungiya amma suna zaune a benci. Yanzu da sauya jami'a ya yi sauƙi abin ya zama kaifi biyu: wadda ba ta samun minti a babbar ƙungiya tana iya sauka, amma tauraruwar ƙaramar ƙungiya ma ana ɗauke ta da ta yi kaka ɗaya mai kyau.

Sakamakon a bayyane yake. Har zuwa gasar 2025 babu mai lamba 14 ko 15 da ta taɓa cin wasa ko ɗaya. Mai lamba 16 sau ɗaya ta doke mai lamba 1, Harvard a gidan Stanford a 1998, 71 da 67, kuma Stanford ta shiga wasan bayan ta rasa manyan 'yan wasanta biyu da raunin gwiwa. A zagayen farko na 2024, cikin wasa 32 sau ɗaya tak ƙarama ta doke babba, Middle Tennessee mai 11 ta doke Louisville mai 6. Ba a taɓa samun zakara mai lamba 4 zuwa 16 ba, masu 3 ɗin ma uku ne: North Carolina a 1994, Tennessee a 1997, LSU a 2023.

A cikin fili, wurin da ratar ta fi fitowa shi ne ƙarƙashin kwando. Ana buga zango huɗu na minti 10, agogon jifa daƙiƙa 30 ne, kuma in kika yi jifa ƙwallo ta taɓa ƙarfen kwando ta dawo hannun 'yan ƙungiyarki, agogon ya koma 20 ku sake gwadawa. Ƙaramar ƙungiya tana iya yin tsaro mai kyau na daƙiƙa 28, ta tilasta mummunan jifa, sai doguwar abokan karawa mai ƙafa 6 da inci 5 ta miƙa hannu ta sama ta cafe ta mayar. Duk wahalar ta tashi a banza. In hakan ya faru sau 15 a wasan da kowace ƙungiya ke riƙe ƙwallo wajen sau 70, babu dabarar da za ta rufe wannan giɓin.

Sai ƙeta. Biyar ke fitar da 'yar wasa. In ƙungiya ta yi biyar a zango ɗaya, daga ta biyar ɗin kowace ƙeta jifan kyauta biyu ce, a zango na gaba a soma sabon ƙirge. Ƙaramar ƙungiya galibi doguwa ɗaya gare ta. Babbar ta san haka, sai ta riƙa tura ƙwallo ciki tun minti na farko. Da ta samu ƙeta biyu a zangon farko, koci ya zaunar da ita har a tafi hutun rabin lokaci, a nan ne za ki ga 14 da 12 ya koma 40 da 22.

Wasanni biyu na Iowa da South Carolina sun nuna abin sosai. A 2023, a kusa da na ƙarshe, South Carolina ta zo da nasara 36 ba a doke ta ba. Iowa ta cunkushe ƙarƙashin kwando, ta ƙyale masu jifan nesa na South Carolina su jefa in sun iya, Clark ta zura maki 41, aka tashi 77 da 73. A wasan ƙarshe na 2024 a Cleveland, kocin South Carolina Dawn Staley ta dawo da masu jifan nesa, babu damar a ƙyale kowa. Clark ta zura 18 a zangon farko kaɗai, amma South Carolina ta cafe ƙwallon da ta dawo daga kwando sau 51, Iowa 29, Kamilla Cardoso kaɗai ta cafe 17. 'Yan bencin South Carolina suka ci maki 37, na Iowa ko ɗaya. Aka tashi 87 da 75, South Carolina ta rufe kaka da nasara 38 babu faɗuwa.

Ummu_Hanan

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na gane zancen 25 da 19. Saura biyu. Koci, in haka ne, ta yaya mutum zai hango wasan da babba za ta iya faɗuwa tun kafin a buga? Sannan su ƙananan jami'o'in da suka san za a doke su da maki 40, me suke samu?

Ɗan_Alƙali

Hajiya, ta biyun tana da amsa sabuwa, don kafin 2025 kusan babu abin da suke samu sai suna da kuɗin tafiya. Gasar maza ta daɗe tana biyan lig-lig gwargwadon wasannin da ƙungiyoyinsu suka buga, ta mata ba ta biya, duk da cewa NCAA na shirya ta tun 1982, shekarar da Louisiana Tech ta doke Cheyney State ta ɗauki kofin farko.

Abin da ya motsa lamarin shi ne 2021, lokacin da aka killace gasar a yankin San Antonio saboda korona. Sedona Prince ta Oregon ta ɗauki bidiyon ɗan tarin ƙarafan motsa jiki da aka ajiye wa mata, aka kwatanta da katafaren ɗakin da aka shirya wa maza. Hukumar ta nemi afuwa, ta sa lauyoyi daga waje suka binciki bambancin. A 2022 aka ƙara ƙungiyoyi daga 64 zuwa 68, aka kuma bar gasar mata ta yi amfani da sunan March Madness, wanda a da na maza ne kaɗai. A 2024 aka ƙulla yarjejeniya da tashar talabijin ta ESPN ta shekara takwas a kan dala miliyan 920, ta gasanni 40, inda aka ƙiyasta gasar kwando ta mata a dala miliyan 65 a shekara. A shekarar ne wasan ƙarshe na mata ya samu masu kallo kusan miliyan 19 a Amurka, ya zarce na maza a karon farko.

A Janairun 2025 aka amince da asusun rabo: dala miliyan 15 a shekarar farko, zai hau zuwa 20, sannan 25. Kowane wasa da ƙungiya ta buga kaso ɗaya ne, lig ɗinta ake ba, a biya cikin shekara uku, lig ya raba wa jami'o'insa yadda suka tsara. Don haka mai lamba 16 da aka tura wasan share fage ba a cuce ta ba. Za ta kara da tsararta, in ta ci ta samo wa lig ɗinta kaso na biyu, abin da da wuya ta samu in kai tsaye aka kai ta gaban mai lamba 1. Matsalar dai, tunda lig huɗu ke kwashe yawancin gurabe kuma su ke nisa, yawancin kuɗin wurinsu zai koma.

Koci_Bala

Ummu Hanan, manta da zagayen farko na masu lamba 1 zuwa 3. Zagaye na biyu za ki duba, don nan ne manya ke faɗuwa a gidansu. A 2022 masu lamba 10 biyu suka fitar da masu lamba 2: Creighton ta ci Iowa 64 da 62, South Dakota ta ci Baylor 61 da 47. A 2023 masu lamba 1 biyu suka fita, Ole Miss ta ci Stanford 54 da 49, Miami ta ci Indiana 70 da 68. Ki lura da makin, babu wadda ta kai 71. Ƙarama ba ta cin babba a tsere. Tana rage gudu, ta cinye agogon jifa, ta rage yawan riƙon ƙwallo, domin ƙarancinsa ne ke ba sa'a wurin shiga.

Dalilin da ya sa zagaye na biyu shi ne hutun yini ɗaya. Wasan farko koci yana da kwana huɗu ko biyar na nazarin bidiyo. Na biyu kuwa Juma'a da dare ya san abokiyar karawa, Asabar atisaye mara nauyi don ƙafafu sun gaji, Lahadi wasa. Mataimakan koci sukan raba aikin tun farko, ɗaya ya nazarci mai lamba 8, ɗaya mai 9, amma 'yan wasa ba su da lokacin koyon sabon abu. Duk ƙungiyar da ke da salon da ba a saba gani ba, kamar tsaron yanki mai sauyawa, ko matsi tun daga ƙarshen fili, ko 'yan wasa biyar da duka ke jifan nesa su janye doguwa daga ƙarƙashin kwando, tana cin ribar wannan ƙurewar.

Abubuwan da za ki duba a alƙaluman kaka kafin wasa ba su da yawa. Ƙaramar tana zubar da ƙwallo sau nawa a wasa? In ya wuce 16 ko 17, manta da ita, babba za ta mayar da kowace asara maki biyu cikin daƙiƙa biyar. Tana da masu jifan maki uku aƙalla uku da ke zura kashi 35 cikin 100 ko fiye? Layin yana mita 6.75 tun 2021, daidai da na maza, don haka wadda ke zurawa daga can da gaske take. Mai rarraba ƙwallonta 'yar shekarar ƙarshe ce ko sabuwa? Ta ɓangaren babbar kuma, 'yan wasa nawa take amfani da su da gaske? Mai dogaro da shida ko bakwai, ƙeta biyu ko targaɗe ɗaya ya isa ya rikita ta. Ki kuma bi labarin rauni har safiyar wasa. Virginia Tech ta rasa Elizabeth Kitley dab da gasar 2024, Baylor ta fitar da ita a gidanta a zagaye na biyu. USC ta rasa JuJu Watkins a zagaye na biyu na 2025, ta lallaɓa zuwa kwata fainal, UConn ta tsayar da ita a kan hanyarta ta ɗaukar kofi na 12.

In wasa ya kai minti na ƙarshe a matse, ki ƙirga hutun da kowane koci ya rage. A daƙiƙa 59.9 na ƙarshen zango na huɗu, ƙungiyar da ke da ƙwallo tana iya neman hutu ta zaɓi a jefo mata ita daga ɓangaren kwandon abokan karawa, maimakon ta taso tun daga ƙarshen fili mai tsawon ƙafa 94. Da daƙiƙa uku a agogo, mai hutu a hannu tana da cikakken shiri na jifa, wadda ta ƙarar da nata tun zango na uku don tsayar da ruwan maki kuwa sai jifan tsakiyar fili. Arike Ogunbowale ta Notre Dame daga irin wannan jefowar ta gefe ta karɓi ƙwallo da daƙiƙa uku a wasan ƙarshe na 2018, ta zura maki uku daga kusurwa, Notre Dame ta ci Mississippi State 61 da 58.